Tambaya da Amsa: Ɗaura wa Tsohon Babur Akwatin Gefe

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda, wato yadda za a ɗaura wa tsohon babur akwatin gefe mai ƙafa ɗaya, na zama ko na kaya. Tsadar raksha, wato babur mai ƙafa uku na haya, da wahalar abin hawa sun sa mutane da dama a Gadarif, Kasala, Sinnar da Fot Sudan suna waiwayar baburan da suka daɗe a jingine. Bakanikai da masu waldan da ke kula da wannan fili suna so kowa ya riƙe abu ɗaya tun daga farko. Babur mai ƙafa biyu kwanciya yake yi a kwana, nauyinsa ya bi tsayin ƙafafunsa ya sauka ƙasa. Daga ranar da aka ba shi ƙafa ta uku ya daina kwanciya, sai kwana ta riƙa tura shi ta gefe, wannan turi kuwa firam ne da wayoyin ƙafa da notuna za su sha shi. Kusan duk matsalar da ke cikin wasiƙun nan daga nan ta taso.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da Jawa 350 ƙirar 634 da na gada wurin mahaifina. Na sami akwatin Velorex na hannu da sandunansa huɗu. Mai walda ya ce in kawo ya liƙa shi cikin awa biyu. In kai masa? Daga wani mai karatu a Gadarif.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya bar maka abu mai kyau. Jawa 634 ta fito a Cekoslobakiya tun 1973 da firam mai bututu biyu, kuma akwatin Velorex 562 don ita aka ƙera shi. Amma kada ka bari a liƙa shi da walda. Ɗaure shi ake yi da matsai da notuna, domin akwai awo uku da za ka yi ta gyarawa kafin ya zauna daidai, abin da aka liƙa kuwa ba ya gyaruwa sai an yanke. Ka ware yini guda, ka nemi mutum ɗaya ya taya ka.

Kafin komai ka duba baburin kansa. Ɗaga ƙafar gaba ka juya kan babur dama da hagu, in ka ji yana maƙalewa a tsakiya ko yana ƙwas-ƙwas, boris na wuya ya mutu. Kama ƙafar baya ka girgiza ta gefe da gefe, in tana wasa, ko dai boris ɗinta ne ko bushin hannun da ke riƙe da ita. Bi wayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya da sifana kana ƙwanƙwasawa: mai ƙarfi ƙara take yi, sakakkiya kuwa ba ta amsawa. Goge firam da kananzir ka nemi tsaga a wuya da wajen mazaunin inji. Duk abin da ka bari a nan, akwati zai ninka shi.

A Sudan hannun dama ake bi, saboda haka akwati a dama yake zama, ya kasance bakin hanya, kai kana ta tsakiya kana ganin abin da ke zuwa. Nemi daɓen siminti mai lebur. Sa shokan baya a mataki mafi tauri, cika tayoyi da iska, tsai da babur a miƙe da itace ko jak, ba a kan jigonsa ba. Ɗora firam ɗin akwatin a kan bulo a gefensa, ka daidaita shi da ma'aunin ruwa na magina, gefe da gefe ya zama lebur, hancinsa ya ɗan ɗaga kaɗan domin in an zauna zai sauko.

Wuraren ɗauri huɗu ne, biyu a ƙasa, biyu a sama. Na ƙasa su ne masu ɗaukar nauyi: ɗaya a gaban inji, ɗaya a baya kusa da inda hannun ƙafar baya yake juyawa. Na sama, ɗaya ƙarƙashin wuya gaban tanki, ɗaya ƙarƙashin sirdi, su ne ke hana babur faɗawa kan akwati ko barinsa. A ware su iya yadda firam ya bari, kuma kada sandunan sama su tafi a jere kamar layin dogo, su buɗe su yi kusurwa da na ƙasa. In suka jeru, akwati zai riƙa matsawa gaba da baya duk lokacin da ka taka birki, komai ƙarfin ɗaurin. Kada a ɗaura komai a jikin hannun ƙafar baya, ko matakin ƙafa, ko salansa. Fara da na ƙasa, ka sa notuna da hannu kawai tukuna.

Awo na farko: ƙafar akwati ta riga ƙafar baya. Saki zare mai nauyi daga tsakiyar aksil na baya ka yi alama a daɓe da alli, ka yi haka ga aksil na akwati. Na akwati ya kasance gaba da santimita 18 zuwa 22 a babur mai tsawon naka. In bai kai ba, a kwanar hagu hancin akwati zai dunƙufa ƙasa, ƙafar baya ta ɗaga. In ya wuce, kan babur zai yi nauyi, tayar akwati ta riƙa jan ƙasa a kowace kwana. Faɗi tsakanin tsakiyar tayar baya da tsakiyar tayar akwati ya zama wajen santimita 110 zuwa 120.

Awo na biyu shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne mai cin taya. Ƙafar akwati ba ta tafiya sambal da babur, ana ɗan karkato gabanta ciki. Samo katako biyu miƙaƙƙu, ko ƙarfen kwana, kowane mita biyu da rabi. Ɗora su a kan bulo, santimita 10 daga ƙasa. Ɗaya ya manne da tayar baya ta ɓangaren hagu, yana taɓa ta a wuri biyu, ɗaya ya manne da tayar akwati ta waje. Ka lura tayar gaba ta fi ta baya siranta, don haka katakon ba zai taɓa ta ba, kada ka matsa shi sai ya taɓa, ka dai miƙe kan babur. Auna tsakanin katakan biyu daidai aksil na baya, sannan daidai aksil na gaba. Awon gaba ya gaza na baya da milimita 10 zuwa 20. Mu dai 15 muke ba da shawara a fara da shi. Da ɗaurin ƙasa na gaba ake gyara shi, a tura ko a jawo.

Awo na uku: babur ya ɗan kauce wa akwati, ya jingina hagu da kamar digiri ɗaya, alhali mai tuƙi yana zaune a kai. Sa wanda nauyinsa ya kai naka ya hau. Rataya zare mai nauyi daga gefen tayar baya ta sama, ta ɓangaren hagu. Zaren ya sauko ya bar gefen tayar ta ƙasa da milimita 8 zuwa 10. Sandunan sama ake tsawaitawa ko a gajarta har a samu. Dalilinsa shi ne kwalta tudu gare ta a tsakiya, tana gangarawa dama, ga akwati shi ma yana jan dama, wannan ɗan jinginen ne ke rama su.

Duk lokacin da ka taɓa awo ɗaya, sauran biyu sun motsa, sai ka koma ka sake auna su. Sau uku ko huɗu ana zagayawa kafin su tsaya. Sannan a ɗaure tamau. Kowane bol ya zama mai lamba 8.8 a kansa, M12 (mai kaurin milimita 12) a ƙasa, M10 ko M12 a sama, da noti mai roba a ciki ko noti biyu. In akwai sifana mai awo, M12 wajen 80 Nm, M10 wajen 45. Bol marar lamba na ƙofa da taga ne, ba na nan ba. Bayan kilomita 50 na farko a sake bin su duka, a kuma bayan 300.

TAMBAYA: Babur ɗina Honda CG125 ne. Ina so in riƙa ɗauko buhun dawa biyu daga gona zuwa kasuwa, da jarkokin ruwa. Zai iya? Daga wani manomi a Mai Wurno.

AMSA: Ɗan'uwa, buhu biyu ba zai iya ba, kuma gara ka ji daga bakinmu kafin ka kashe kuɗi. Yi lissafi: babur kilo 110 ko kusa, kai kilo 70, akwati 50, buhu biyu masu kilo 90 kowane 180. Ka haura kilo 400 a kan inji mai ƙarfin doki 11 da ƙananan birkin ganga biyu da aka yi don rabin wannan nauyi. Tashi zai tashi da giya ɗaya, kuloci yana ƙonewa. Tsayawa ce ba zai yi ba ranar da jaki ya faɗo hanya.

Ga kuma firam. Na CG125 a buɗe yake ta ƙasa, injin ne ke cike gurbin, ba inda za a kama ɗaurin ƙasa. Dole a ƙera masa ƙaramin firam da zai bi ƙarƙashin inji, ya kama bol ɗin mazaunin inji na gaba da na baya, akwati ya ɗauru a jikinsa. Kik ɗinsa a dama yake, da birkin ƙafa, dole a bar musu fili. Gaskiya ne a ƙasar Filifin ƙananan babura masu akwatin gefe ne abin hawan talaka, amma can sai an ƙara wa firam ƙarfe, an sa wayoyin ƙafa masu kauri da ƙarin shoka, kuma tafiyar cikin gari suke yi a hankali. In ka yi irin wannan aiki, ka tsaya a kilo 60 zuwa 70 cikin akwati, jarka uku ke nan masu lita 20, gudu kada ya wuce kilomita 40.

Hanyar gona ma abin dubawa ce. Akwatin gefe sawu biyu yake bi, kuma faɗinsa bai kai na lori ko tarakta ba, sai ƙafa ɗaya ta faɗa kwarin sawunsu ɗaya tana kan tudu. Da damina baƙar lakar yankin Sinnar da Gadarif tana cushewa tsakanin taya da madigadi har ƙafa ta daina juyawa, ƙafar akwati kuwa ba inji ke juya ta ba, ja kawai take zama. Baburan Dnepr MT-16 da wasu ƙirar Ural ne ke da sandar da ke juya ƙafar akwati. Don buhunan dawa, babur mai ƙafa uku na kaya, mai ƙafa biyu a baya da giyar ribas, shi ne abin aikin, ko karo da jaki.

TAMBAYA: An ɗaura min akwati wata biyu da suka wuce. Da na kai gudun 30 zuwa 40 sai kan babur ya kama rawa, musamman in na saki totur. Yana kuma ja dama har kafaɗata ta yi ciwo, tayar baya ta kusa ƙarewa. Daga wani mai karatu a Kasala.

AMSA: Malam, ciwo uku ne ka kawo, kowane da maganinsa. Ɗan rawar kai a ƙaramin gudu kusan kowane babur mai akwati yana da ita, amma in ta fi ƙarfin hannu akwai abin da ya saki. Bi su a jere, daga mai arha: iskar taya, notunan ɗauri huɗu, boris na wuya, bushin hannun ƙafar baya, wayoyin ƙafa, rim da ya karkace. Tsaya a gefen babur ka kama kai da sirdi ka girgiza da ƙarfi, babur da akwati su motsa tare kamar abu guda. In ka ga babur yana motsi akwati na tsaye, ka sami ɓarawon. Boris na wuya a babur mai akwati ana ɗan ƙara masa ɗauri fiye da na kullum, har kai ya daina faɗuwa gefe da kansa in an ɗaga gaba, amma kada ya maƙale. Sai bayan duk wannan ake sa abin rage rawa, ƙaramin shoka tsakanin ƙafar gaba da firam. In aka fara da shi, ɓoye cutar zai yi har ranar da bol ya tsinke. Idan rawar ta kama ka a hanya, riƙe kai da ƙarfi, ka ƙara wuta kaɗan ko ka rage a hankali, kada ka cafki birkin gaba.

Ja dama kuwa, a gwada shi a miƙaƙƙiyar kwalta, da gudu ɗaya wajen 50, da irin kayan da ka saba ɗauka. Ja dama lokacin ƙara wuta, da ja hagu lokacin birki, halinsa ne, ba ya fita. Wanda ke damun kafaɗa shi ne na gudu ɗaya, kuma maganinsa ƙara jinginen babur zuwa hagu. Tsawaita sandunan sama zagaye ɗaya-ɗaya, kana gwadawa. In ya koma jan hagu, ka wuce, rage. Sau da yawa an auna jinginen ne ba kowa a kai, da aka hau shokan baya ya nutse, awon ya ɓaci.

Taya ita za ta gaya maka labarin awo na biyu. Shafa tafin hannu a kan tayar akwati daga gefe zuwa gefe. In ta cinye ta waje, kuma kana jin kaifi-kaifi, an karkato ta ciki da yawa, ita da tayar baya suna ta kokawa a hanya. In ta ciki ta cinye, ba a karkato ta isa ba, ko ma ta buɗe waje. Koma ga katako biyu. Ko da awo ya yi daidai, tayar baya ba za ta yi kwanan da ka saba ba, domin tsakiyarta kaɗai ke aiki yanzu. Nemi mai faffaɗan fuska, ba mai zagaye ba.

Wasu bakanikai suna gasa ƙarafan shokan gaba su lanƙwasa su don kai ya yi sauƙin juyawa. Kada ka yarda ko kusa, ƙarfen da aka gasa karyewa yake yi ba sanarwa. Sa kai mai faɗi, santimita 80 ko fiye, ka canza man shokan gaba da mai kauri, ka sa guntun bututu na milimita 15 zuwa 20 a kan sifirin don gaba ya daina nutsewa.

TAMBAYA: Ni mai walda ne. Ana kawo min aikin akwatin gefe, ina da bututun ruwa da ƙafafun gaba na tsofaffin babura. Wane awo zan bi? Daga wani usta a Madani.

AMSA: Usta, Allah ya yi wa sana'a albarka, tambayar da ka yi za ta tsare rayuka. Bututun ruwa a ajiye shi. Ƙarfensa laushi gare shi, yana da ɗinki a tsawonsa, kuma farin rufin da ke jikinsa in ya ƙone yana ɓata walda da ramuka, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. Babban firam a yi shi da baƙin bututu marar ɗinki mai faɗin milimita 38 da kaurin 3, ko mai kusurwa huɗu 40 da 40 da kaurin 3. Sandunan sama milimita 25 zuwa 28, da zare a baki ɗaya aƙalla don a iya tsawaita su. Kowace kusurwa a sa mata ƙarfen tallafi mai kaurin milimita 4 ko 5.

Aksil ne wurin da aka fi yin kuskure. Na ƙafar gaban ƙaramin babur milimita 12 ne zuwa 15, an yi shi a riƙe shi ta baki biyu. A akwati ta baki ɗaya yake riƙe, sai ya lanƙwashe a ramin farko. Ko dai ka sa aksil na milimita 20 ka canza boris, ko ka ƙera firam ya kewaye ƙafar ya riƙe aksil ta gefe biyu. Ko Velorex da kansu daga 15 suka koma 20. Ka ba ƙafar hannu mai juyawa da shoka ɗaya, ta iya hawa da sauka santimita 5 zuwa 7. Ƙafar da aka liƙa a firam kai tsaye duk dukan gargada firam ɗin babur take miƙa wa. Wajen mazaunin aksil, in kana da sandar walda 7018 busasshiya, ta fi 6013. Tsayi daga ƙasa santimita 18 zuwa 20, madigadi ya bar taya da yatsu uku saboda laka.

Kada ka nemi rashin nauyi. Akwati ya kai kamar kashi ɗaya cikin uku na nauyin babur, wanda bai kai ba tashi sama yake yi a kowace kwanar dama.

A jikin firam ɗin babur kuwa, ba walda, ba huda. Bututunsa siriri ne, wajen milimita 2, kuma gefen walda ne yake tsagewa bayan watanni. Yi matsai masu baki biyu da suka rungumi bututu da faɗin santimita 5 ko fiye, bol biyu kowane gefe, ko faranti mai kaurin milimita 6 da zai hau bol ɗin mazaunin inji. Matsi ɗaya a kan zagayayyen bututu juyawa yake yi, a haɗa shi da wani wuri na biyu. In dole ta sa ka kunna wuta kusa da babur, cire tanki ka kai shi nesa, cire batir da akwatin wuta.

TAMBAYA: Mahaifiyata ba ta iya hawa bayan babur saboda ciwon ƙafa. Na sa akwati don kai ta asibiti, wani lokaci da yara zuwa makaranta. Shekara ashirin ina tuƙa babur, akwai abin da zan koya? Daga wani mai karatu a Sinja.

AMSA: Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri. Akwai, Malam, kuma shekara ashirin ɗin nan su ne abin tsoro, domin hannunka ya saba da abin da yanzu zai kai ka daji. A ƙafa biyu, in kana gudu, ɗan tura kai kake yi jiki ya kwanta, ba ka ma sani ba. A ƙafa uku juya kai ake yi zuwa inda ake so, da ƙarfin damtse. Kada Hajiya ta shiga sai ka yi mako biyu kana koyo da buhun yashi mai kilo 40 zuwa 50 a kan kujerar akwati, a ɗaure.

Je filin ƙwallo da ba kowa. Yi ta zagaye dama da hagu da giya ɗaya da biyu, ka gwada birki da ƙarfi ka ji yadda yake ja hagu. Sannan ka rage yashin, ka zagaya dama kana ƙara gudu kaɗan-kaɗan har ƙafar akwati ta ɗaga. Gara ka fara jin wannan a fili da a ce a kan kwaltar Sinnar zuwa Damazin ya same ka. Kwanar dama ita ce mai kisa: akwati ya tashi, mai tuƙi ya firgita ya miƙe kai, akwati ya sauko, amma babur ya riga ya tsallaka hannun masu zuwa. Saboda haka gudu ana kashe shi tun kafin kwana, a sauko giya, a zame jiki zuwa wajen akwati, a shiga da wuta kaɗan, babur ya zagaye akwati. A kwanar hagu sassauta totur yana taimako, akwati ya zagaye babur, amma in ka shiga da gudu ka taka birki, hanci zai dunƙufa, baya ta tashi.

Fasinja ɗaya, akwati zai shiga, ba bayanka ba. Mutum a baya akwati wayam shi ne mafi munin lodi. In biyu ne, mai nauyi a akwati. Kaya su zauna daidai ƙafar akwati ko bayanta kaɗan, ba a hanci ba. Yara su zauna a ƙasa cikin kujera, ba tsayuwa, kowa da hular kwano. Rufe wayoyin ƙafar akwati ta ciki da farantin ƙarfe, ka rufe sarƙa, domin bakin tob ko mayafi ko jallabiya in ya shiga waya ba ya jiran a tsaya. Salansar dama tana kusa da fasinja, a sa mata kariya, bakinta ya wuce bayan kujera. Ka daina sauke ƙafa ƙasa in ka tsaya, ka kuma tuna faɗinka yanzu ya haura mita ɗaya da rabi, lungun da ka saba kutsawa a kasuwa ya rufe. In ka ajiye a gangara, sa giya ka kuma sa dutse.

TAMBAYA: Jawa ce da akwati. A hawan Aƙaba, hanyar Sinkat, injin yana zafi yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa, sau ɗaya ma ya kama. Faifan sarƙa na gaba haƙori 17 ne, na baya 52. Daga wani mai karatu a Fot Sudan.

AMSA: Alhaji, giyarka ta yi wa nauyin tsawo, injin yana gurnani a ƙasa maimakon ya juya. Sa faifai mai haƙori 15 a gaba. Lissafin zai tashi daga 3.06 zuwa 3.47, ƙarin ƙarfin ja kusan kashi 13 cikin ɗari, gudun ƙarshe ya ragu da kamar kashi 12, kuloci ma ya huta. A hawa, sauko giya tun injin bai roƙa ba.

Man haɗi mililita 30 a kowace lita, wato 300 a lita 10, kuma na inji mai bugu biyu, ba baƙin man mota ba. Ƙara mai fiye da haka ba ya sanyaya inji. Abin da ke sanyaya shi ƙarin fetur ne: sa babban jet na kafireto mai lamba ɗaya sama, ka yi tafiya da kaya ka duba fulogi. Ruwan ƙasa lafiya, fari ko toka-toka yunwa ce, yunwa kuma ita ke narkar da fistin. A duba saitin wuta na silinda biyun, wanda ya yi gaba da yawa shi ma yana kawo wannan ƙarar. Wanke laka daga haƙarƙarin silinda, ka bar tazarar taƙi guda tsakanin jikin akwati da silindar dama. A dogon gangare kada ka rufe totur gaba ɗaya kana birki da inji, domin ba fetur ba mai, riƙa kama kuloci kana ɗan ba shi wuta. Tun da ya taɓa kamawa, a buɗe a duba fistin da ringi kafin wata tafiya. Shan mai zai ƙaru da kamar rubu'i, ka yi guzuri da wannan lissafi, fetur na jarka kuma a tace shi da ƙyalle. Iskar teku tana cin ƙarfe, shafa giris a zaren sanduna don su kwance ranar da ake son gyara awo.

TAMBAYA: Fitila fa, da takardu? Daga wani ɗalibi a Kasala.

AMSA: Ɗana, da dare babur mai akwati marar fitila kamar babur kawai yake ga direban lori, sai ya matso ya kwashe akwatin. Sa farar ƙaramar fitila a gaban madigadi, ja a baya da ta birki, da abin ƙyalli. Siginar dama ta gaba da ta baya a cire su daga babur a mai da su kan akwati. Ja wayar ƙasa ta musamman daga akwati zuwa batir, kada ka dogara da matsai, fenti da tsatsa suna tsare wuta. Jawa 634 wutarta volt 6 ce, dinamonta watt 75 kacal, babbar fitila da kunna inji sun cinye mafi yawa, don haka ƙarin ƙwayaye su zama LED na volt 6. Ƙirar 638 mai volt 12 da watt 210 ba ta da wannan damuwa.

Takardu kuma, je ofishin murur, wato 'yan sandan hanya, na jiharku da takardun babur tun ba a yanka ƙarfe ba, ka ji abin da suke bukata don sauya siffar abin hawa, ka kuma sanar da masu inshora cewa za a ɗauki fasinja a gefe. Gaya wa mai walda kada matsi ko fenti ya rufe lambar firam da ke wuya ko lambar inji, su za a fara dubawa a wurin gwaji da kowane shinge.